Makaɗin Cikin Mota: Yadda Ake Harhaɗa Kwamfutar Jin Waƙa

A filinmu na yau za mu yi magana ne a kan wani aikin hannu da wasu masu sha'awar na'urori suka ƙago wa kansu a Ingila da Amurka wajen ƙarshen ƙarnin da ya shige, watau harhaɗa 'yar kwamfuta a girka ta cikin mota domin ta riƙa yi wa direba kiɗa da waƙa a kan hanya. Za mu duba inda abin ya samo asali, da irin wahalar da mutanen farko suka sha, sa'an nan mu bi aikin daki-daki kamar yadda ake yinsa yanzu, don wanda ke da niyyar gwadawa ya san abin da ke gabansa.

Sa kwamfuta ta yi waƙa abu ne mai sauƙi, ɗan makaranta ma yana iya gama shi da yamma guda. Wuyar aikin tana wajen zaunar da ita lafiya a cikin mota. Ita kwamfuta 'yar ɗaki ce, ta saba da inuwa, da wuta mai natsuwa, da tebur wanda ba ya motsi. Mota kuwa gidan zafi ne da ƙura da girgiza, wutarta tana hawa tana sauka, mai ita kuma tilas idonsa ya zauna a kan hanya. Wanda ya sulhunta waɗannan biyu ya ci nasara. Wanda ya yi sakaci kuwa, in ya taki sa'a ya wayi gari batir ya mutu, in bai taki sa'a ba ya ga hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashin sitiyari.

Daga garmaho zuwa lambobi

Sha'awar jin kiɗa a mota ta kusa tsufan motar kanta. A shekarar 1930 kamfanin Galvin na birnin Shikago ya fito da rediyon mota mai suna Motorola, amma shi rediyo abin da tasha ta ga dama shi yake ba ka. A 1956 kamfanin Chrysler ya gwada sa garmaho a motocinsa, mai juya wani faifai na musamman a hankali, sai dai kamfani ɗaya ne ke buga faifan, waƙoƙin ba su da yawa, na'urar kuma ga yawan laulayi, saboda haka ba a daɗe ba aka watsar da ita. Abin da ya ba direba 'yancinsa shi ne kaset, wanda kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da shi a 1963. Duk wanda ya shiga motar haya a ƙasar Hausa ko a zangunan Gana cikin shekarun 1980 ya san matsayin da kaset ya taka, ya kuma san yadda rana ke lanƙwasa shi, da yadda rikoda ke cinye zaren har sai an sa biro an naɗe. Faifan CD ya biyo baya a 1982 da sauti garau, amma minti 74 ke nan abin da yake ɗauka, kuma da mota ta faɗa rami sai waƙa ta yi tsalle.

To, shi faifan CD lambobi yake ajiyewa. Ana auna igiyar sauti sau 44,100 a cikin daƙiƙa guda, ga lasifikar dama ga ta hagu, a rubuta kowane awo da lamba. Lambobin nan kuwa suna da cin wuri ƙwarai, gama waƙar minti ɗaya tana cinye wajen megabayit 10, shi megabayit kuwa mudu ne na auna abin da kwamfuta ke ajiyewa. Kwamfutar gida ta farkon shekarun 1990 in ta haɗiye faifai ɗaya ko biyu, cikinta ya cika.

Masu bincike a cibiyar Fraunhofer da ke garin Erlangen a ƙasar Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, su ne kan gaba wajen warware wannan matsala, kuma ta wajen kunnen ɗan Adam suka ɓullo mata. Idan ana buga tambari kusa da kai, ba za ka ji kukan ɗan tsako a bayan danga ba, ko da yake kukan yana nan. Suka ce, tun da kunne ba zai ji shi ba, mene ne amfanin ɓata wuri wajen rubuta shi? Sai suka tsara lissafi mai tace sauti, ya zubar da abin da babbar ƙara ta danne, ya bar abin da kunne ke kamawa. An buga wannan tsari a matsayin ƙa'ida ta duniya a 1993, a 1995 kuma aka raɗa masa sunan da muka san shi da shi, watau MP3. Da shi waƙar minti ɗaya ta koma wajen megabayit 1 tak, kashi ɗaya ke nan daga cikin goma sha ɗaya na girmanta na da. Nan take kwamfuta guda ta iya riƙe ɗaruruwan waƙoƙi, nan take kuma wasu suka shiga tunanin yadda za su sa ta a mota.

Mutanen farko

A 1997 da 1998 babu kantin da za ka shiga ka sayi irin wannan abu, don haka mai so sai ya yi da hannunsa. Yawancinsu sukan ɗauki tsohuwar kwamfutar tebur su kwantar da ita a but ɗin mota, su ja waya zuwa gaba, su kafa wani ɗan gilashin nuni mai ɗaukar layi biyu ko huɗu na rubutu kusa da sitiyari, da 'yan maɓallai na tura waƙa gaba ko baya. Da yake kwamfutar tebur wutar gida ta sani, sai su sa inbata ta ɗaga wutar batir daga bolt 12 zuwa 110 ko 230, sa'an nan akwatin wutar kwamfutar ya sake sauko da ita zuwa bolt 12 da 5. Wannan tamkar mutumin Kano ne da zai je Zariya ya bi ta Sakkwato. Wuta mai yawa takan salwanta a hanya ta zama zafi, inbatar kuma takan jefa wani irin gunji cikin lasifika.

Sai kuma faifan ajiya. A cikinsa akwai faranti mai juyawa sau dubbai a minti guda, da wani ɗan hannu mai karatu wanda ke shawagi a kansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin silin gashi ba, ko kusa. Rami ɗaya mai kyau ya isa ya sa hannun ya karci farantin, waƙoƙin shekara guda su tafi. Dabarar da aka yi ita ce a ɗauko faifan kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda ya fi jure motsi, a shimfiɗa masa roba, sa'an nan a sa manhaja ta ɗebo waƙa da yawa ta zuba cikin ƙwaƙwalwa, faifan ya huta.

Daga cikin mutanen nan wanda sunansa ya fi fita shi ne wani injiniya Baturen Ingila, Hugo Fiennes, wanda ya girka kwamfuta mai aiki da babbar manhajar Linux a motarsa ƙirar Mazda MX-5. Da mutane suka dame shi da tambaya, sai shi da abokansa suka kafa kamfani a 1998, a 1999 suka fara sayar da na'urar da suka kira empeg car. Girmanta daidai da ramin rediyon mota, watau faɗin milimita 180 da tsayin milimita 50, kuma mutum yana iya zare ta ya shiga da ita gida ya loda waƙoƙi. Kuɗinta ya haura dala 1,000. Kamfanin SONICblue na Amurka ya saye su a shekarar 2000, ya sake mata suna Rio Car, a 2001 kuma ya daina ƙera ta. A wannan shekara ce kamfanin Apple ya fito da iPod, wanda ya sa waƙa dubu a aljihu, shi Fiennes ma daga baya a Apple ya yi aiki, cikin masu ƙera wayar iPhone ta farko.

Masu aikin hannu ba su fasa ba. A 2002 kamfanin VIA na Taiwan ya fara sayar da farantin kwamfuta mai santimita 17 a kowane gefe, marar cin wuta da yawa, wanda ke shiga ƙarƙashin kujera. A 2012 kuma wata gidauniya a garin Kambirij na Ingila ta fito da Raspberry Pi, cikakkiyar kwamfuta mai faɗin katin banki, a kan dala 35, domin koya wa yara. Ita ce ta sauko da wannan aiki har ya zo daidai aljihun ɗalibi, kuma a kanta za mu gina sauran bayaninmu.

Kayan aiki

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. Da farko ita Raspberry Pi, kuma ba sai sabuwa fil ba, gama ƙira ta 3 ko ta 4 ta ishi wannan aiki har da saura. Sai ɗan katin memori wanda babbar manhaja za ta zauna a ciki, da filash daban domin waƙoƙi. Raba su yana da hikima, don in ɗaya ya lalace ɗaya yana nan. Filash mai gigabayit 32 yana ɗaukar sama da awa 500 na MP3 matsakaici, watau ya fi kaset 350 irin mai minti 90, kuma da yake babu abin da ke juyawa a cikinsa, rami ba ya dame shi. Sai na'urar rage wuta daga bolt 12 zuwa 5, da fis, da waya mai kyau, da 'yan maɓallai, da akwati. Manhajar jin waƙa kyauta ake samunta, akwai MPD, akwai Volumio da moOde waɗanda suka zo a shirye, sai dai a zuba a kati a kunna.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A harhaɗa komai a kan tebur a gida tukuna, a tabbata na'urar tana tashi da kanta ta kama waƙa ba tare da an taɓa komai ba, ba kuma tare da ta nemi intanet ba. A bar ta ta yi wuni guda tana aiki. Abin da ya ƙi yi a ɗaki, a mota ma ba zai yi ba.

Wutar mota

Ga inda ake gane gwani. Muna cewa wutar mota bolt 12 ce, amma wannan suna ne kurum. Batir mai lafiya in mota tana tsaye yana ba da wajen bolt 12.6. Da an murɗa makulli, sitata takan zuƙi wuta mai yawan gaske, har ƙarfin ya faɗi zuwa bolt 10 ko ƙasa na ɗan lokaci. In inji ya tashi, altaneta ta kama caji, sai ya hau zuwa wajen bolt 14. Idan kuwa kan batir ya yi sako-sako ya ɗage alhali inji yana aiki, wutar tana iya zabura ta ninka haka sau da yawa cikin ƙiftawar ido. Ita Raspberry Pi bolt 5 take so, ba ƙari ba ragi, ƙira ta 4 kuma tana bukatar mai iya ba ta amfiya 3. Saboda haka a nemi na'urar rage wuta wadda aka yi domin mota, mai karɓar wuta tun daga bolt 8 ko ƙasa har zuwa 30 ko sama. Araha ba ta ado: 'yar cajar waya ta bakin titi tana iya aiki wata guda, ran da ta ƙone kuwa ta tafi da kwamfutar. Masu manyan motoci su tuna tasu wutar bolt 24 ce, su duba abin da aka rubuta a jikin na'ura kafin su saya.

Abu na biyu shi ne fis, kuma a nan maganar rai ake yi. Batirin mota yana iya turo ɗaruruwan amfiya, don haka in wayar da ba ta da fis ta goge ta taɓa ƙarfen mota, sai ta yi ja zur kamar ƙarfe a maƙera, robarta ta kama wuta. Fis ɗin yana tsare wayar ne, shi ya sa ake sa shi daf da inda aka ɗebo wutar, mai amfiya 2 ko 3 ya isa. Mugun halin nan na naɗa zaren waya a gurbin fis in ya ƙone, shi ya cinye motoci da yawa. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, duk mahaɗa kuma a like ta da dalma ko a matse ta da abin matsewa, kada a murɗa da hannu a rufe da salatif. Kafin a fara aiki a cire kan batir na jikin mota.

Abu na uku, daga ina za a ɗebo wutar? A bayan rediyo irin na kasuwa akwai waya ruwan ɗorawa mai wuta kullum, da ja wadda ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli, da baƙa wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota. Amma kamfanonin mota kowa da launin da yake sa wa nasa wayoyin, don haka a auna da mita, kada a dogara ga launi. A motoci da yawa ma wayoyin jakar iska, wadda ke kumbura ta tare direba in an yi karo, ruwan ɗorawa ake naɗe su da shi, kuma ba a taɓa su. Haka nan wayoyi masu kauri ruwan lemo a motocin lantarki, suna ɗauke da ɗaruruwan bolt, suna kisa. Wanda bai tabbata ba ya kai wa mai gyaran wutar mota, ba abin kunya ba ne.

Yanzu ga matsalar da ta fi ɗaure kai. Idan ka haɗa kwamfutar da waya mai wuta kullum, ba za ta taɓa barci ba. Tana cin wajen wat 3, watau kimanin amfiya 0.3 daga batir, a wuni da kwana ke nan ta sha wajen kashi ɗaya cikin bakwai na batirin ƙaramar mota, ka ajiye motar kwana huɗu ko biyar ka dawo ta ƙi tashi. Idan kuma ka haɗa ta da wayar makulli, duk sa'ad da ka kashe mota wuta za ta yanke mata farat ɗaya, alhali ita kwamfuta kullum tana 'yan rubuce-rubuce a katinta, kamar magatakarda. Ran da wutar ta yanke tana tsakiyar rubutu, katin yana iya rikicewa har ta kasa tashi.

Mafita biyu ce. Ta farko, a sa wata 'yar na'ura mai tsaron ƙofa, wadda ke ciyar da kwamfutar daga wayar kullum, tana kuma sa ido a kan wayar makulli. Da ta ga an kashe mota sai ta gaya wa kwamfutar ta tattara komatsanta ta rufe, ta jira kamar rabin minti, sa'an nan ta yanke wutar ƙaf. Dole a koya mata haƙuri na 'yan daƙiƙoƙi, domin a motoci da yawa wayar makulli takan ɗauke yayin da sitata ke juyawa, kada ta zaci an iso gida alhali yanzu za a tashi. Kada kuma a kuskura a kai wayar makulli kai tsaye ga ƙusoshin da ke jikin Raspberry Pi, bolt 3.3 suke ɗauka, bolt 12 zai ƙone ƙwaƙwalwar nan take. Mafita ta biyu ita ce a kulle katin, a mai da shi na karatu kaɗai, kuma babbar manhajar Raspberry Pi tana da wurin zaɓar haka. To, sai a yanke wuta duk lokacin da aka ga dama ba abin da zai faru. Farashinsa shi ne mantuwa: na'urar ba za ta tuna inda ta tsaya jiya ba, sai in an tanadar mata wani wurin rubutu daban.

Sauti da zafi

Sauran aiki shi ne kai sautin ga lasifikokin mota. Hanya mafi kyau ita ce waya kai tsaye zuwa ramin da aka rubuta AUX a jikin rediyo, ko zuwa amfilifaya. Ramin sauti na jikin Raspberry Pi ba wani na a zo a gani ba ne, ƙira ta 5 da ta fito a 2023 ma ba ta da shi sam, don haka a ƙara wata 'yar na'ura mai mai da lambobi su koma sauti, ana samun mai shiga ramin USB da arha. Tsohuwar mota mai rikoda akwai kaset na ƙarya mai jela, ana sa shi kamar kaset, sautin ya bi ta wayar. In babu ko ɗaya, sai 'yar tashar FM ta cikin mota, amma a babban birni inda tashoshi suka cika zango, ita ce ƙarshen zaɓi.

Sau da yawa bayan an gama sai a ji wani siririn kuka a lasifika, in an taka totur ya hau, in an saki ya sauka. Wannan kukan altaneta ne, yana shigowa ne saboda kwamfuta da rediyo kowace ta kama jikin mota a wuri daban, wuta ta sami hanyar zagaye ta cikin wayar sauti. Maganinsa a ɗaure baƙaƙen wayoyin biyu a ƙusa ɗaya, a kankare fenti har ƙarfe ya fito, a kuma raba wayar sauti da wayar wuta kada su tafi a jere. In kukan ya ƙi, akwai ɗan taransifoma da ake sawa a tsakiyar wayar sauti ya yanke zagayen.

Zafi kuwa, motar da aka rufe aka bari a rana cikinta yana iya haura digiri 60, saman dashbod ya fi haka. Ƙwaƙwalwar Raspberry Pi in ta kai digiri 80 sai ta soma rage gudu don ta tsirar da kanta. Mai sauraro a Makka ko Khartum ko Njamena ya san wannan magana ta shafe shi fiye da na Landan. A nemi wuri mai inuwa, ƙarƙashin kujera ko bayan akwatin gaban fasinja, nesa da bututun iska mai zafi da inda ruwa ke shiga. Akwatin alminiyam mai zuƙe zafi da jikinsa ya fi mai fanka, domin fanka ƙura take jawowa, lokacin hunturu kuwa ba ta daɗewa ta toshe. A ɗaure akwatin tam, a kuma ɗaure wayoyi kusa da bakinsa, gama girgiza a hankali take zare fulogi.

Idon direba

Akwai jarabar da ke kama duk wanda ya kai nan, watau ya kafa babban gilashin nuni mai launi, mai jerin waƙoƙi da hotunan mawaƙa. Mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin wajen mita 28 a daƙiƙa guda. Ka sunkuya daƙiƙa biyu kana neman waƙa, ka wuce rabin filin ƙwallo ido rufe. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka a 2013 ta shawarci masu ƙera motoci cewa kada wani aiki ya sa direba ya kau da ido daga hanya fiye da daƙiƙa biyu a kallo guda. Mai harhaɗa tasa na'urar ya kamata ya fi su tsanani. Maɓalli uku manya da abin murɗawa ɗaya sun isa: tsaya, gaba, baya, da sauya rukuni. A sa su inda hannu zai same su a duhu, kowane da siffarsa, yadda yatsa zai gane shi ba sai an duba ba. Zaɓen abin da za a ji a yi shi a gida, ko kuwa mota tana tsaye.

Me ya sa za a wahala?

Wani zai ce, yau da wayar hannu take magana da rediyon mota ta Bluetooth, da CarPlay da ya zo a 2014 da Android Auto a 2015, da rediyo mai ramin filash a kowace kasuwa, ina dalilin wannan wahala? Tambaya ce mai kyau. Wanda bukatarsa kawai ya ji waƙa gobe da safe, ya je ya sayi rediyo mai ramin filash, ya fi sauƙi, sau da yawa ma ya fi arha.

Amma mai harhaɗawa yana samun abin da ba a sayarwa. Ya san kowace waya da ke cikin abinsa, in ya lalace shi zai gyara, ilimin wutar mota da ya samu kuma zai yi masa rana a wani wurin. Na'urarsa ba ta neman intanet, ko yana tsakanin Garwa da Marwa, ko tsakanin Tamale da Bawku, ko a hamadar da ke tsakanin Makka da Madina, ba ta kuma neman kuɗin wata-wata. Wayarsa tana aljihu, kira da saƙo ba sa yanke masa kiɗa su ja idonsa.

Babban dalili kuwa yana cikin kwalayen tsofaffin kaset da ke ƙarƙashin gadaje a gidajenmu. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma ko da yake sanannun waƙoƙinsu suna yawo a intanet, akwai ɗimbin kaset da aka ɗauka a wurin biki, ko wurin tafsiri, ko saƙon murya da uwa ta aika wa ɗanta a ƙasar waje, waɗanda babu su a kundin kowane kamfani. Zaren kaset yana tsufa, rikodar da za ta juya shi kuma kullum ƙara wuya take yi. Da waya guda daga rikoda zuwa kwamfuta, da manhajar kyauta irin su Audacity, ana iya kwashe su a mai da su lambobi. A ajiye kwafi na asali wanda ba a matse ba a wuri biyu daban, a yi na MP3 domin mota, a rubuta sunan mai magana da wuri da shekara tun masu sani suna da rai. Waƙar da ke da mai ita kuma a kiyaye haƙƙinsa: dokokin ƙasashe sun bambanta a kan kwafi na amfanin kai, amma bugawa a sayar ba da izini ba cin gumin mawaƙi ne da magadansa.

Wanda ya yi wannan, in ya murɗa makulli da asuba zai kama hanya, abin da zai fito daga lasifika shi ya zaɓe shi, shi ya cece shi daga lalacewa, da hannunsa kuma ya gina abin da ke rera shi. Ya dai tuna da fis, ya tuna da inuwa, ya bar idonsa a kan titi.